Kwana Ukun da Baba Ya Roƙi Likita

Mutumin da aka ce zai tarye mu a filin jirgin Tunis bai zo ba. Mun sauka da hantsi, muka zauna bisa kujerun ƙarfe muna kallon ƙofa, azahar ta yi, la'asar ta kawo jiki. Na kira lambarsa har hannuna ya gaji, salular a rufe. Ƙanena ne ya samo shi ta hannun wani abokinsa, wai ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can. Ya ce ya kama mana ɗaki, ya kai takardun Baba kilinik, wani asibitin kuɗi, an ba mu randebu, wato ranar ganin likita. Abin da muka aika masa na masauki ya tafi ke nan. Har yau ban san kamanninsa ba.

Sunana Rakiya, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Damagaram, da aurena da 'ya'ya uku. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Inna yake ce mini tun ina goye. Shi kuwa baduku ne a Birni. Daga ƙofar gidanmu zuwa rumfarsa bai kai taku ɗari biyu ba, amma idan ya fita da safe sai rana ta ɗaga kafin ya zare wuƙarsa. Zai tsaya wajen mai ƙosai, zai tsaya wajen liman, zai leƙa zauren da ake da marar lafiya. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina wanda ya yi tafiya, ya aiko kuwa? Tun ina ƙarama na tsani a haɗa ni hanya da shi. Da na girma na shiga aikin gwamnati sai na koyi gajeruwar hanya: bonjur, in wuce.

Muryar nan tasa ce ta fara dishewa. Muka ce mura ce. Ya sha zuma, ya sha citta da kanumfari, shekara ta kewayo ba sauƙi. A Yamai likitoci suka ce tsiro ne a maƙogwaro, kuma aikin sai an fita waje. Ni aka zaɓa in raka shi, don ni ke jin Faransanci sosai, ga shi an shiga bakans, hutun makaranta.

To ga mu a filin jirgi, ni ina haɗiye kuka, sai na ji muryar Baba a gefena, a dishe kamar ana jan tabarma a ƙasa.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki."

Wani mai goge daɓe ne yake wucewa da bokitinsa. Ya tsaya, ya amsa sallamar.

"Ina gajiya?" in ji Baba. "Ina mutan gida?"

"Baba, ba ya jin Hausa fa," na ce.

"Ya ji mana. Dubi fuskarsa."

Mutumin ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Labas?" Baba ya dube ni. Na ce ina jin lafiya yake tambaya. Nan take Baba ya mayar masa, "Labas, labas," kamar da kalmar aka haife shi. Mutumin ya wuce abinsa. Ni haushi ma ya kama ni, ga abin da ke gabanmu, shi gaisuwa ta dame shi. Can da jimawa sai ga mai goge daɓen ya dawo da gorar ruwa. Ya tambaye ni da Faransanci, tun safe yake ganinmu, wa muke jira? Na faɗa masa. Ya girgiza kai, da alama ba mu ne na farko ba. Ya rubuta mini sunan wata unguwa da na wata mata mai ba masu jinya hayar ɗaki.

Taksi biyu suka dube mu suka wuce. Na uku ya ɗauke mu, ya yi ta kewaye gari da mu, na gane hakan ne da muka wuce masallaci guda sau biyu. Da muka sauka Baba ya yi masa sannu da tuƙi.

Madam Zuhra sunan mai gidan, mijinta ya rasu, mace mai jiki da babbar murya. Ɗakin yana hawa na biyu, gado ɗaya ne a ciki, sai katifa da ta shimfiɗa mini bayan labule. Kafin a kai ga maganar ɗakin ma Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana gaishe ta, ina fassarawa, jakunkuna na neman tsinke mini kafaɗa. Da ya zo kan ina yara, sai ta ce ɗanta guda ne, yana Turai, bai cika kira ba. Baba ya ce in ce mata Allah ya karkato da hankalinsa gida. Ta ce amin har sau uku, ta karɓi jaka ɗaya daga hannuna.

Washegari muka tafi kilinik ɗin da aka ce an kai takardunmu. Ba su taɓa jin sunan Baba ba. Na shiga buron sakatariyar da takardu a hannu, raina a ɓace, na zuba su bisa tebur na fara bayani tun daga Yamai. Ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce babu wuri sai bayan wata biyu. Na ce mutum ne ba ya iya haɗiye tuwo. Ta ce kowa da ke zaune a waje da abin da ya kawo shi.

Na fito na sami Baba a kan benci.

"Me ta ce?"

"Wata biyu."

"Kin gaishe ta?"

"Baba, don Allah! Ba gidan suna muka zo ba."

"Na ga shigarki ta madubin ƙofa," ya ce. "Kin shiga kamar jandarma. Ita ma fa daga wani gida ta fito da safen nan, ba ki san abin da ta baro ba."

Da muka koma washegari ya ce tare za mu shiga. Ya tsaya gaban teburin, ya cire hularsa ya mayar, ya yi sallama, ya ce labas. Akwai hoton wata yarinya jingine da kwalbar alƙaluma. Ya nuna hoton ya ce in tambaya ko tana lafiya. Matar ta ɗago kai a karo na farko. Ta ce 'yarta ce, tana fama da haƙori, kwana biyu ba su yi barci ba. Baba ya ce sannu, Allah ya sawwaƙe. Sannan ya juya zai fita.

"Baba, randebun fa?" na ce.

"Ai ta faɗa miki jiya. Yau gaisuwa muka zo."

Kwana huɗu muna haka. Mu je wasu kilinik biyu da rana a ce mana babu, amma da safe sai mun fara biyawa ta wajenta an tambayi haƙorin yarinya. Rana ta biyar ta ce mu zauna, wani ya fasa zuwa. Ban sani ba ko gaisuwar ce, ko kuwa da gaske wani ya fasa kuma da ma mu ne a kusa. Na tambayi Baba, ya ce shi bai ga abin bincike a ciki ba.

Ba kowa ke amsa masa ba, kada in yi ƙarya. Mai burodin unguwar sai ya sallami duk wanda ya zo bayana kafin ya dube ni. A cikin bis wata mata ta tashi daga kusa da mu ta gwammace tsayuwa. Amma wanda ya fi ci mini rai shi ne wani tsoho mai gyaran takalma, da ɗan shagonsa a ƙasan benenmu. Kullum za mu fita sai Baba ya tsaya: "Salamu alaikum, sannu da aiki." Tsohon ko motsi, sai dai ya ƙara duƙar da kai bisa takalmin. Madam Zuhra ta ce mu rabu da shi, Ammi Sadiƙ ke nan, wato Baffa Sadiƙ, tun da matarsa ta rasu ba ya shiga harkar kowa, baƙi kuwa ba ya son ganinsu.

"Baba, ku daina," na ce a rana ta bakwai. "Muryar da ba ku da ita kuke ɓatawa a kan wanda ba ya so. Wulaƙanci ne wannan."

"Ni na san nawa aikin," ya ce. "Nasa kuma shi ya sani."

Wata safiya muka tarar da tsohon yana kokawa da wata jaka ta mata, hannunta ya tsinke, fatar ta yi laushi, duk inda ya huda sai ta yage. Baba ya yi sallamarsa, aka yi shiru kamar kullum. Maimakon ya wuce sai ya tsuguna. Ya miƙa hannu. Na ce yau za a zage mu. Tsohon ya dubi hannun nan, ya ga kantar da basilla ta bari a yatsun shekara hamsin, sai ya sakar masa jakar. Baba ya yanko 'yar fata daga tarkacen da ke ƙasa, ya fere bakinta, ya naɗe ta ciki, ya yi mata irin ɗinkinmu na Damagaram mai kama da kitso. Ammi Sadiƙ ya karɓa, ya ja da ƙarfi, ya juya, ya sake ja. Da muka dawo da la'asar akwai kujera ta biyu a ƙofar shagon.

Tun daga ranar, in ba mu da zuwa kilinik, can Baba yake wuni. Ba mai jin yaren wani. Su sha shayi, su miƙa wa juna zare. Sallamar ma sai bayan kwana biyu ya fara amsawa, a ciki-ciki.

Aka yi hotuna, aka ɗebi tsoka aka auna. Ranar da sakamako ya fito likitan, wani dattijo mai furfura a gira, ya zaunar da mu. Ya yi mini bayani a hankali, yana zane a takarda. Tsiron ya ci wurin da murya ke fita. Sai an cire wurin gaba ɗaya. Zai rayu in Allah ya so, zai ci abinci, zai yi numfashi ta wata 'yar ƙofa a wuya. Amma magana, irin wadda ya sani, ta ƙare.

Na daɗe ban fassara ba. Baba ya ce, "Inna, faɗi. Ba ke kika yi ba."

Na faɗa. Ya dubi tafin hannunsa. Ya ce inna lillahi, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya tambayi yaushe. Likita ya ce jibi da safe, don hanyar numfashin ta matse ƙwarai, bai son a ƙara ko kwana guda.

"Ce masa ya ba ni kwana uku cur kafin aikin," in ji Baba. "Mutanen da na baro gida, ce musu na yi sai na dawo. Ban san muryar ba za ta dawo tare da ni ba. Akwai waɗanda ban gaisa da su yadda ya kamata ba. Ina so kowa ya ji da bakina."

Na juya wajen likita. Allah ya yafe mini, na ce masa da Faransanci, "Ya yarda."

Likita ya jawo takarda zai rubuta. Sai Baba ya dafa mini hannu.

"Inna, abin da na faɗa ya fi wannan tsawo."

Ya ɗaga yatsu uku ya nuna wa likitan. Kunya ta rufe ni. Na fashe da kuka a gaban mutumin, na faɗa masa gaskiyar abin da Baba ya ce. Likitan ya ajiye alƙalami. Ya ce shi a matsayinsa na likita bai so ba. Ya ce in numfashin ya toshe a gida, mintoci ne kawai, mu taho da gudu ko wane lokaci ne. Ya dubi Baba ya ce, uku, ba huɗu ba.

A hanya na yi ta roƙonsa. Na ce za a iya rubuta wasiƙa, za a iya aika saƙo daga baya. Na ce in wani abu ya same ku a ɗakin nan, me zan ce wa mahaifiyata, Iya? Ya ce, "Ki ce mata ina cikin gaisuwa." Ban yi dariya ba.

Da safe ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da hula kamar mai zuwa Juma'a, ya zauna bakin gado. Na riƙe salula ina kira, shi yana magana. Da yayarsa ya fara, Gwaggo Hajo, da ke wani ƙauye a Guna. Ba ta da salula, sai ta maƙwabci muka kira, aka ce tana gona, aka hau keke aka kai mata. Muna jin iska da kukan awaki.

"Yaya, ina kwana? Ina gajiya? Ina ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, Usumanu! Hatsi ya kai gwiwa. Ina jikin?"

"Da sauƙi. Ina ƙafar taki? Akuyar nan mai baƙin kunne ta haihu?"

Ta haihu, tagwaye. Ya yi barka kamar an ce masa jika aka samu. Bai gaya mata maganar murya ba. Ba wanda ya gaya wa. Kowa ya tambayi jiki, da sauƙi. In ya yi kira uku sai muryar ta ɗauke, in ba shi ruwan ɗumi, ya jingina ya huta, ya ce wa ke biye. Dukawan rumfarsu ɗaya bayan ɗaya. Liman. Mai ƙosai, wadda ta yi ta ihu wai daga ƙasar Larabawa ake kiranta. Wani Bafillace da ke kawo masa fata daga wajen Garagumsa. Surukansa. Mijina, wanda ya tambaya har lafiyar babur ɗinsa.

A rana ta biyu ya ce in kira Malam Isa. Na dube shi. Maƙwabcinmu ne, shekara shida ba sa magana saboda indararon da ke zubar da ruwa a katangarmu. Shi kaɗai ne mutumin da na san Baba yana wucewa da sallama kawai, ba ƙari. Aka ɗauka.

"Malam Isa, Usumanu ne. Ina wuni?"

Shiru. Har na zaci layin ya yanke.

"Lafiya lau, Malam Usumanu. Ina baƙunta?"

Suka yi ta, iyali, damina, kasuwa, tsofaffi, yara. Ba wanda ya ambaci indararo. Da za su rabu na ji Malam Isa yana cewa Allah ya maido mana da kai.

Iya ya bari sai ƙarshen wannan rana. Na so in fita in ba su wuri, ya ce in zauna, wa zai riƙe salular? Shekara kusan hamsin suna tare, ban taɓa jin sun yi hirar da ta wuce ta cefane a gabanmu ba.

"Ina wuni? Ina gida?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina yara?"

"Suna lafiya."

"To. Ina gida?"

"Malam, ai ka tambaya."

"Na sani," ya ce. "Ina gidan dai?"

Ina jin Iya ta gane. Can ta ce, a hankali, "Gida yana nan yadda ka bar shi, Malam. Yana jiranka."

A rana ta uku numfashinsa ya fara fito kamar usur. Na haɗa jaka, na ajiye takalmana a bakin ƙofa, na roƙi Madam Zuhra ta riƙe lambar mai taksi. Ban ci komai ba wunin nan. Shi kuwa ya ce saura mutanen unguwa. Muka sauka a hankali, yana hutawa a kowane hawa. Ya gaida mai kayan miya, ya gaida mai burodin nan da ba ya dubanmu, ya zauna wajen Ammi Sadiƙ har la'asar. Na yi wa tsohon bayani da Faransanci, ban san ko ya fahimta duka ba. Ya dai ajiye gudumarsa bai ƙara aiki ba.

A gidanmu ƙarami ke fara gaida babba. Kullum da safe ni nake durƙusawa. Ranar aikin, ina naɗe katifa, sai na ji ya riga ni.

"Inna, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina baƙunta? Ina kewar yara? Ina haƙuri da tsoho?"

Duk na ce lafiya lau, ina kallon ƙasa, hawaye na ɗiga bisa katifar. Na so a ce wannan ce maganarsa ta ƙarshe, don in riƙe ta tawa. Amma ba ita ba ce. Da aka kwantar da shi bisa gado mai taya, wani ƙato ya zo zai tura shi ɗakin aiki, sai Baba ya ɗaga ido ya dube shi ya ce, "Sannu da aiki." Ƙofa ta rufe.

Aikin ya yi kyau. Ya farka da bututu a wuya da wani a hanci. Kwana biyu bai san inda yake ba. A na uku wata ma'aikaciyar jinya ta shigo canza masa ruwa, sai na ji an ƙwanƙwasa mini wuyan hannu. Na dube shi. Ya nuna ta da ido. Na ce mata bonjur. Ya sake ƙwanƙwasawa, sau biyu. Na ce labas, ina aiki, ina gida. Sai ya lumshe ido. Daga ranar na zama bakinsa. In na taƙaita, sai in ji yatsa. Na sayo masa ɗan allon 'yan lakwal da alli, yana rubuta mini da ajami, amma gaisuwa ba ya rubutawa, sai dai in faɗa.

Ammi Sadiƙ ya zo a rana ta huɗu, sanye da wata tsohuwar kwat da aka goge. Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Ya ce, "Labas?" Baba ya ɗora hannu a ƙirji. Tsohon ya ja kujera, suka zauna shiru har aka ce lokacin ziyara ya ƙare. Bayan an sallame mu kuma wata matsala ta taso wadda ban faɗa wa kowa ba: Baba ba ya iya wanka shi kaɗai, ruwa bai kamata ya shiga ƙofar wuyan ba, ni kuma 'yarsa ce. Ban san yadda Madam Zuhra ta gane ba. Washegari dai sai ga Ammi Sadiƙ ya hawo da tawul a kafaɗa da reza a aljihu. Ya nuna mini ƙofa. Haka ya yi ta yi, kwana ɗaya bayan ɗaya, har Baba ya yi ƙarfi.

Sai aka ce saura gashin wuyan da na'ura, mako shida. A nan ne na kusa karyewa. Wuyansa ya ƙone ya yi baƙi, ko kunu da ƙyar yake wucewa. A gida an koma lakwal, wata malama ta karɓi ajina. Autata, Nana, ta daina karɓar salula, wai ba ta san wata Mama ba. Wata safiya muna shiga kilinik, mai gadi yana bakin ƙofa, na ji yatsa a hannuna. Na fizge.

"Baba, na gaji! Yau ba ni da bakin gaida kowa. Ku bar ni!"

Ya sake ni. Wunin ranar bai ƙara taɓa ni ba. Ya tsaya gaban mai gadin, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗan rusuna, ya jira. Mai gadin ya ce labas, Hajji, labas. Haka ya yi wa sakatariya, haka ya yi wa mai shara, ni ina biye kamar baƙuwa. Da gari ya waye na durƙusa na gaishe shi, na ce ku yi haƙuri. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami, sannan ya ɗora hannunsa bisa kaina.

Mun baro Tunis sanyi ya fara shiga. Madam Zuhra ta cika mana jaka da dabino, tana kuka tana faɗa wai mun saba mata da hayaniya. Baba ya ba Ammi Sadiƙ alabensa na jar fata wanda ya ɗinka da hannunsa, shi kuma ya ba shi basilla mai ƙotar itacen zaitun. Suka riƙe hannun juna har mai taksi ya yi oda.

Daga Yamai muka wuni muka ƙara a cikin bis kafin mu ga duwatsun Damagaram. Na zaci wahala ta ƙare. Ashe akwai saura. Gida ya cika da masu sannu da zuwa, zaure har waje. Mutum zai shigo da fara'a, ya durƙusa, ya ce sannu da hanya, Malam, ina gajiya? Baba ya ɗora hannu a ƙirji. Sai mutumin ya rasa ta cewa, don gaisuwarmu ba ta tafiya da ƙafa ɗaya. Wasu su sunkuyar da kai, mata su fashe da kuka. Kafin yamma sai suka daina yi masa magana, suka koma kaina. "Malama, yaya jikin nasa? Yana cin abinci kuwa? Yana gane mutane?" A gabansa, kamar ba ya wurin. A rana ta biyu ya juya fuska ga bango. A ta uku ya rubuta mini a allo cewa in ce barci yake.

Da hantsin wannan rana ina dama masa fura sai na ji sallama mai ƙarfi daga zaure. Malam Habu ne daga Mirriya, taubashin Baba, ɗan kawunsa, abokin wasansa tun suna yara. Ba su taɓa haɗuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Na ce masa barci yake. Ya ce shi ma barcin ya zo gani. Ya cire takalma, ya shige, ya zauna daɓas a gaban gadon, ya kama hannun Baba ya jawo shi har ya juyo.

"Salamu alaikum," in ji Malam Habu. Bai jira ba, ya canza murya, ya kwaikwayi ta Baba ta da, har da jan ƙarshen kalma: "Wa alaikumus salaaam, Habu, kai ne?"

Ya koma tasa: "Ni ne. Ina kwana?" Ya koma ta Baba: "Lafiya lau." "Ina hanya?" "Hanya ta yi kyau." "Ina Larabawa?" "Suna gaishe ka, sun ce ka daina cin goro." Baba ya zuba masa ido. "Ina gajiya?" "Ba gajiya."

Sai Baba ya damƙe masa wuyan hannu. Ya girgiza kai. Ya lalubo allonsa, ya yi rubutu a hankali, ya miƙa masa. Malam Habu ya nisanta allon daga idonsa, ya karanta da ƙarfi yadda na zaure za su ji:

"Ƙarya kake. Akwai gajiya."

Ya ajiye allon ya tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ji! Shekara saba'in ina tambayar mutumin nan gajiya yana ce mini babu. Sai da aka cire masa murya ya fara faɗin gaskiya!"

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Na tsorata, na zaci shaƙewa ce, na yunƙura. Ashe dariya yake, ba sauti, sai iska da ke fita ta wuyansa tana ɗaga ƙyallen da ya rufe wurin, hawaye na bin gemunsa. Daga bayan ƙofa na ji Iya ita ma ta tuntsire. Na zaure suka fara leƙowa, ɗaya ya shigo, wani ya biyo shi.

"To tunda na yi kuskure," in ji Malam Habu, "gyara zama mu sake daga farko. Inda na yi ƙarya ka matsa hannuna."

Baba ya tashi zaune, ya miƙa hannu aka ba shi hularsa, ya sa. Suka sake daga farko. Ina tsaye da kwanon fura a hannu, ban ajiye ba sai da suka kai ƙarshe.